Tauraro Mai Tsini Shida: Na Wane Ne?

Wanda ya bi hanyar Kachia a garin Kaduna ya ratsa Sabon Tasha zuwa Unguwar Boro ba zai rasa yin ido biyu da tauraro mai tsini shida ba: a manne a gilashin motar wanda ya dawo daga ziyarar Urushalima, ko a jikin ƙaramar tutar nan mai fari da shuɗi da wasu majami'u ke ajiyewa kusa da bagadi, ko a sarƙar wuyan wani matashi. A wurin masu shi, tauraron Sarki Dawuda ne, alamar jama'ar da Allah ya yi wa alkawari. Da an haye gadar kogin Kaduna an nufi Tudun Wada ko Rigasa, zanen nan ɗaya ya koma wani abu dabam: tambarin Isra'ila, ƙasar da ta yi wa Gaza ruwan bama-bamai, abin takawa da ƙafa ko cinna wa wuta ranar jerin gwanon Ƙudus. Akwai kuma rukuni na uku, wanda ake samu a ɓangarorin kogin biyu, da ke cewa zanen matsafa ne da 'yan ƙungiyar asiri. Duk da saɓaninsu, sun haɗu a kan abu ɗaya: kowa ya ɗauka tauraron yana da ma'ana guda tun fil azal, kuma shi ne ya gano ta. Ina ganin a nan dukansu suka kuskure, kuma hujja mafi ƙarfi a kan haka tana cikin tarihin Arewa, a cikin aljihun kakanninmu.

A 1907 Turawan mulkin mallaka suka fara buga wa Nijeriya ƙananan kuɗin ƙarfe don su maye gurbin wuri. Kwabo da anini suka fara zuwa, ɗari ta biyo baya. Duk wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu ya san siffarsu: huji a tsakiya, yadda za a zura su a zare a rataya, tunda jama'a sun saba shirya wuri a igiya. A fuska ɗaya akwai kambin sarautar Ingila da sunan sarkinsu, da darajar kuɗin a rubutun boko da na Larabci. A ɗaya fuskar kuwa alwatika biyu ne a sarƙe, ɗaya kanta sama ɗaya kanta ƙasa, sun kewaye hujin. Wannan kuɗin ya yi yawo har Gana da Saliyo da Gambiya. Bayan Babban Bankin Nijeriya ya soma aiki a 1959, sabon kwabon da ya fitar bai yar da tauraron ba, aka ci gaba da kashe shi har zuwan naira da kobo a 1973. Shekara sittin da 'yan kai ke nan ana sayen ƙosai da shi, ana ba almajiri sadaka da shi, ana zuba shi a faifan baiko ranar Lahadi. A cikin waɗannan shekarun ne Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya fito fili ya ƙi amincewa da rance da tallafin Isra'ila ga Jihar Arewa, alhali kwabon na yawo a kowace kasuwa daga Kaduna zuwa Sakkwato. Jama'ar wancan zamani ba su ga tutar kowa a jikinsa ba. Kwabo suka gani.

Ba a kuɗi kawai abin ya tsaya ba. Daga haɗe Kudu da Arewa a 1914 har zuwa 1960, tambarin Nijeriya koren tauraro ne mai tsini shida a cikin jar da'ira, da kambi da sunan ƙasar a tsakiyarsa, kuma shi ke jikin shuɗiyar tutar mulkin mallaka kafin a ɗaga kore-fari-kore ta Taiwo Akinkunmi ranar 1 ga Oktoba, 1960. Daga ina ya fito? Gwamna Lugga da kansa ya ba da amsa a wata wasiƙa da ya rubuta a 1940. Ya ce an ga zanen ne a murfin wani ƙayataccen kofi ko buta ta tagulla da jan ƙarfe da sojoji suka kwaso lokacin da suka ci Kwantagora, wato a farkon 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Ya kira shi da sunan da ya ji ana kiransa, hatimin Sulaimanu, ya ce ya ga ya dace ya zama tambarin Arewa, daga baya aka mayar da shi na ƙasa baki ɗaya. Abin lura shi ne Lugga ya ɗauke shi a matsayin kayan Musulmi. Ganima ce ta yaƙi daga gidan sarautar jikokin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, domin Umaru Nagwamatse da ya kafa Kwantagora ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne.

Za a ce, to, maganar Bature ce, wanda ya rubuta ta bayan kusan shekara 40, kuma wa ya san abin da ke zuciyarsa? Wannan shi ne ƙorafin masu cewa makircin Yahudawa ne ko na 'yan ƙungiyar Firimason aka lulluɓe da labarin kofi, kuma a kafafen sada zumunta hoton tsohuwar tutar na yawo da irin wannan fassarar. Wasu masu fafutikar Biyafara ma suna ɗaga hoton don kafa hujjar cewa Turawa sun san asalin Ibo daga Isra'ila yake. Babu laifi a yi shakkar Lugga, mutumin da ya ci ƙasar nan da bindiga mai ruwa. Amma shakka ba ta isa ta ture lissafin shekaru ba. An buga kwabon shekara 10 kafin sanarwar Balfour ta 1917, shekara 41 kafin kafa Isra'ila. Gwamnatin da ta ɗora rubutun Larabci a kan kuɗin, ta kuma gina mulkinta a kan sarakunan Musulmi, neman abin da jama'a za su karɓa take yi. Mafi muhimmanci kuma, ko an jefar da wasiƙar Lugga gaba ɗaya, zanen yana nan a ƙasar Hausa da sauran ƙasashen Musulmi tun kafin a haifi kakansa.

Duk wanda ya tashi kusa da zauren malamai ya san hatimi. Malami ya ɗauki alƙalamin kara ya tsoma a tawada, ya ja layuka a kan allo ya fitar da gida-gida, ya cika kowane gida da harafi ko lamba, ya kewaye da ayoyi ko sunayen Allah. Wani a wanke a sha, wani a rubuta a takarda a ninke ta ƙanana, a naɗe da zare, baduku ya ɗinke ta a cikin fata ta zama laya. A cikin zane-zanen da ake haɗawa da wannan aiki akwai jerin alamomi bakwai da ake jingina wa sunan Allah mafi girma, kuma na farkonsu tauraro ne, wani lokaci mai tsini biyar, wani lokaci mai shida, dukansu da suna ɗaya: hatimin Annabi Sulaimanu. Littafin da ya fi yaɗa su shi ne Shamsul Ma'arif, wanda ake dangantawa ga Ahmad al-Buni, malamin Arewacin Afirka na ƙarni na 13. Kada kuma a ɗauka mu masu karɓa ne kawai. Muhammad al-Katsinawi, Bafillacen malami daga Katsina, ya rubuta littafi a kan lissafin waɗannan gidaje a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ilimin da ya kai ɗan Katsina ga daraja a wurin malaman Alƙahira ba baƙo ba ne a wurin maƙerin da ya yi wa fadar Kwantagora aiki.

A sauran ƙasashen Musulmi ma haka abin yake. Kuɗin tagulla na Maroko a ƙarni na 18 da na 19 suna ɗauke da tauraro mai tsini shida, kuma mai tsini biyar da ke tutar ƙasar tun 1915 shi ma hatimin Sulaimanu ake ce masa. Yana jikin tutar da ake dangantawa ga Khairuddin Barbarosa, kwamandan jiragen ruwan Daular Usmaniyya a ƙarni na 16. Yana saman ƙofofin hubbaren Sarki Humayun a Delhi, wanda aka gina wajajen 1570. Waɗanda suka zana shi a waɗannan wurare suna tuna annabin da Alƙur'ani ya ce an hore masa iska da aljanu, an sanar da shi zancen tsuntsaye.

Abin da zai fi ba ɗan'uwa na Unguwar Boro mamaki shi ne labarin tauraron a wurin Yahudawa kansu. Babu inda Tsohon Alkawari ya ce Dawuda ya riƙe garkuwa mai wannan zane, Talmud ma, kundin koyarwar malaman Yahudawa, bai san shi a matsayin alamar addini ba. Alamar da Yahudawa suka gada tun zamanin Musa ita ce fitila mai rassa bakwai, wadda littafin Fitowa ya tsara yadda za a ƙera ta, wadda Romawa suka sassaƙa hotonta a ƙofar Titus a Roma bayan sun rushe Haikali a shekara ta 70, kuma ita ce tambarin gwamnatin Isra'ila a yau. A kangon majami'ar Yahudawa ta Kafarnahum akwai dutse mai tauraro mai tsini shida, amma a jere yake da mai tsini biyar da furanni, ado ne cikin ado. Gershom Scholem, masanin sufancin Yahudawa a Jami'ar Ibraniyawa ta Urushalima, ya bi diddigin wannan tarihi a ƙarshen shekarun 1940, ya nuna cewa zanen ya daɗe yana yawo tsakanin masu rubuta layu, Yahudawa da Musulmi da Kirista, kafin ya zama tambarin wata al'umma. Yahudawan birnin Prag ne suka fara riƙe shi a hukumance, daga can ya bazu a ƙarni na 17, sai a ƙarni na 19 ya mamaye majami'un Turai, lokacin da Yahudawa ke neman wata alama mai sauƙin ganewa kamar yadda Kirista ke da gicciye. Taron farko na 'yan Sahayoniyya a Basel a 1897 ya ɗauke shi. A 1941 'yan Nazi suka tilasta wa Yahudawan Jamus ɗinka shi, rawaya, a ƙirjin rigunansu, aka kora miliyoyin Yahudawan Turai zuwa sansanonin mutuwa, da yawansu da shi a jiki. A Oktoban 1948 ya hau tutar sabuwar ƙasa. Nauyin da yake da shi a zuciyar Bayahude na yau na gaskiya ne, da jini aka saye shi, kuma ya cancanci a girmama. Amma nauyi ne da tarihin baya-bayan nan ya ɗora masa.

Daga nan masu neman ilimin ɓoye ke shigowa da tasu hujjar, kuma tana da ɗan armashi. Suna cewa: tunda ga shi a Indiya, inda mabiya Hindu ke ganin alwatika mai kai sama a matsayin Shiva, mai kai ƙasa a matsayin Shakti, haɗuwarsu kuma asalin halitta, ga shi a wurin masu alkimiyya na Turai, inda ɗaya wuta ce ɗaya ruwa, ga shi a wasu majami'un Kirista yana tuna kwana shida na halitta, har a goshin majami'ar Santa Croce ta Florence, ga shi a lambobin girma na sarakunan Habasha masu jingina asalinsu ga Sulemanu, ashe ba shaida ba ce cewa akwai wani sirri ɗaya da dukan addinai suka hango? Amsar tana hannun magini. A kafa ƙusa a ƙasa, a ɗaura mata zare, a zagaya a fitar da da'ira, kamar mai shirin aza rumbu ko ɗakin zagaye. Ba tare da an rage ko an ƙara tsawon zaren ba, a mayar da ƙusar bakin da'irar, a yi alama inda zaren ya kai, a matsa can a sake. A karo na shida cif za a dawo inda aka fara. A haɗa alamomin ana tsallake ɗaya, tauraron ya fito. Mai tsini biyar ya fi wannan wuyar daidaitawa nesa ba kusa ba. Saboda haka duk al'ummar da ta san zare da ƙusa za ta tarar da shi ba tare da kowa ya koya mata ba, kuma da ta same shi, za ta zuba masa abin da ke ranta, kamar sabuwar ƙwarya. Shi ya sa ma'anonin ba su jitu ba. Namiji da mace na Hindu ba su ne wuta da ruwan mai alkimiyya ba, ba kuma su ne Allah da duniya da ɗan Adam da Franz Rosenzweig ya ɗora a kan tsinayen a littafinsa na 1921 ba. A kudancin Jamus ma masu dafa giya sun daɗe suna rataya shi a ƙofar shagunansu a matsayin alamar sana'a.

Saura masu cewa tsafi ne. A majami'u akan ji mai wa'azi ya jawo Amos sura 5 aya 26, da jawabin Istifanas a Ayyukan Manzanni sura 7, inda aka tsawata wa Isra'ilawa saboda tauraron wani gunki da suka ɗauka. Ayoyin suna nan, amma ba su faɗi siffar tauraron ba, balle adadin tsinayensa, kuma masana da yawa na ganin duniyar Zuhal ake nufi, wadda mutanen Mesofotamiya ke bauta wa. A ɓangaren Musulmi, gardama a kan laya da hatimi tsohuwa ce, ta kuma yi zafi a garin nan zamanin karatun Sheikh Abubakar Gumi a Masallacin Sultan Bello, da bayan kafa Izala a Jos a 1978. Masu hani suna da hujja mai ƙarfi: Alƙur'ani bai ambaci zobe ko tauraro ga Annabi Sulaimanu ba, aya ta 102 a Baƙara ta wanke shi daga sihiri, labarin aljanin da ya sace zobensa kuma malamai irin su Ibn Kasir sun sa shi cikin Isra'iliyyat. Ina tare da duk mai cewa kada mutum ya rataya zuciyarsa ga zane. Amma a lura da abin da ake hanawa: dogaro ne da wanin Allah. Wannan hukunci yana kan niyyar mai riƙewa, ko hatimin na da tsini shida, ko biyar, ko gidaje tara ne kawai. Wanda ya ce layuka shida a kan tayil ko hula suna iya jawo aljani da kansu, ya ba zanen ƙarfin da mai layar ke ba shi, sai dai shi da tsoro, wancan da fata.

Ƙorafin da ya fi kowanne nauyi shi ne wannan: tarihi ya wuce, ma'anar yau ita ce ma'ana. Alamar suwastika ta yi dubban shekaru tana nufin alheri a Indiya, amma ba wanda zai ɗaga ta a Berlin ya ce tarihi ya wanke shi. Na yarda da rabin wannan magana. Shuɗin tauraro tsakanin layuka biyu a kan farin ƙyalle tutar wata ƙasa ce mai gwamnati da sojoji, kuma wanda ya kafa ta a bagadi ya yi maganar siyasa, ko ya sani ko bai sani ba. Yana da 'yancin yin haka, amma ya kamata ya san cewa akwai Kirista Falasɗinawa a Baitalami da Gaza, kuma harin Isra'ila ya faɗa harabar tsohuwar majami'ar Saint Porphyrius a Oktoban 2023 ya kashe masu neman mafaka a ciki. Ya sa wannan a ma'auni kafin ya ce wa tutar Littafi Mai Tsarki. Inda na rabu da masu ƙorafin shi ne a ɗaya rabin. Mutanen Indiya ba su bar wa Hitila suwastika ba, har gobe suna zana ta a ƙofofinsu. Musulmin da ya ga alwatika biyu a sarƙe a jikin tsohon gini ko tasar tagulla ya ce aikin Yahudawa ne, ya sallama gadon al-Katsinawi da maƙeran ƙasarsa ga wata ƙasa da ba ta cika shekara ɗari ba. Haka kuma ba shi da hurumin ɗora wa maƙwabcinsa Bajju ko Bagwari alhakin Gaza don ya ga zanen a sarƙar wuyansa.

A wani gari wannan zai iya zama hirar masana kawai. A Kaduna ba haka ba ne. Rikicin Shari'a na Fabrairu da Mayun 2000 ya ci rayuka fiye da dubu, na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002 ya ci fiye da 200, kuma bayansu ne jama'a suka kwashe kayansu, Musulmi suka yi arewacin kogi, Kirista suka yi kudu, unguwanni irin su Sabon Tasha da Unguwar Boro suka cika suka batse. A ranakun tashin hankali, suna da sutura da abin da ke rataye a mota sun sha raba mai rai da gawa a shingen hanya. Yaran da aka haifa bayan 2000 sun girma ba su zauna aji ɗaya da ɗan wancan ɓangaren ba, abin da suka sani game da juna daga waya suke samunsa, inda hoto ɗaya da layi biyu na ƙarya ke zagaye gari kafin azahar. Garin da ke cikin wannan hali ba shi da rarar alamomin gaba da zai ƙara wata a kai, musamman wadda iyayen kowa suka taɓa kashewa a kasuwa ɗaya.

Kayan shaidar duk suna nan kusa. Gidan Tarihi na Ƙasa yana kan titin Ali Akilu, Gidan Arewa yana tsohon gidan Sardauna, ma'ajiyar takardun gwamnati ta ƙasa tana cikin gari, tsofaffin kwabbai kuma ba su ƙare a adakar tsofaffi ba. Ina kira ga masu kula da waɗannan wurare su keɓe teburi ɗaya su jera kwabo mai huji, da hoton tutar 1914, da shafin hatimi daga rubutun malamanmu, da bayanin wasiƙar Lugga da Hausa, sannan makarantun Chikun da na Kaduna ta Arewa su kai ɗalibansu a rana ɗaya. Limamai da fastoci kuma, kafin ku hau mumbari ko bagadi ku yanke wa wannan zane hukunci, ku nemi kwabon ku juya shi ku duba.